Kujerar Gaba a Taron Kabo

Na daɗe ina koyar da lissafi a firamare, yawanci a ƙauyukan Kabo, kafin na yi ritaya na dawo gida Gwarzo. Ban tara komai ba sai ciwon gwiwa da suna. Duk inda na ratsa sai an samu mai cewa, "Malam ne ya koya mana," har waɗanda na zane.

Wata bazara ƙanena, wanda muke ciki ɗaya, ya dawo daga Kano da kwalaye cike da bayan mota. Garin shayi ne a gwangwani, wai yana maganin hawan jini da sanyi da ƙiba da rama. Yadda abu ɗaya zai rage ƙiba ya kuma magance rama, ban tambaya ba. Ai ba sayar da shayin ne sana'ar ba. Sai ka sayi kwali biyar a rubuta sunanka, ka kawo mutum uku su saya, kowannensu shi ma ya kawo uku. Na ɗauki biro na nuna masa a bayan ambulan: kafin a sauka hawa goma sha wani abu, mutanen Gwarzo da Kabo sun ƙare har da jarirai.

Ya ce, "Yaya, kai dai alli ya cinye maka zuciya. Duk abin da ba albashi ba, a wurinka damfara ne."

Na ji haushi ƙwarai. Na ce a raina za ka gani. Daga ranar na zama mai jira.

Bayan wata guda Inna, mahaifiyarmu, ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ƙaninka zai yi taro a Kabo. Ka je ka buɗe masa da addu'a. Kada a ce yana da wa a raye amma bare ya buɗe masa."

Haka muke yi. Ko shago ƙaninka zai buɗe, ko injin niƙa, kai babba za ka zauna a gaba ka ɗaga hannu, ko da kun kwana ba kwa ga maciji. Ba a tona asirin gida a bainar jama'a. Na sa babbar rigata na tafi. Aka ba ni kujerar tsakiya, kwalaye jere a gabana. Na yi addu'a gajeriya, na roƙi Allah ya kare mu daga asara, ina jin kamar na yi wayo. Aka shafa.

A can baya, cikin mata, na hango wata Bafulatana 'yar ƙauyen Masanawa da kowa ke ce wa Goggo. Na koyar da ɗanta, wanda ya rasu yana saurayi, mijinta ma ya bi shi. Na san abin da ya rage mata a duniya: ɗan fegin gero, da karsana guda da take turkewa a bakin ɗakinta. Ta ɗaga min hannu tana murmushi. A hanyar komawa na ce lallai in je Masanawa in ce mata kada ta kuskura ta taɓa karsanar nan. Na ce gobe. Gobe gwiwa ta tashi. Sai aka yi rasuwa a unguwa, sai shuka ta zo. Gaskiyar magana, zuwa wurinta yana nufin in zagi sana'ar ƙanena a gaban bare, kuma na fi son abin ya rushe da kansa, ni ina gefe hannuna a tsabtace.

Ana cikin haka 'yata ta zo hutu daga jami'a. Wata rana bayan la'asar ta ajiye kwamfutarta a kan tabarma ta ce, "Baba, zo ka ga irin sana'ar Baffa." Fina-finai ne na labarin gaskiya, kan kamfanonin ƙasashen waje da ake zargi da wannan tsari na kawo-wani-ya-kawo-wani. Turancinsu da sauri, tana tsayarwa tana min bayani. Na ga mutane suna buɗe ɗakuna cike da kayan da ba mai saye, suna magana kansu a sunkuye. Wannan bai ba ni mamaki ba, ɗakin ƙanena ma haka yake.

Wanda ya tsaya min a rai shi ne wani attajiri da ke zuba dukiya a kan cewa ɗaya daga cikin kamfanonin zai faɗi. Ban gane ba sai da ta ce, "Kamar ka ari buhun masara tana tsada ka sayar, kana fatan ta karye da kaka ka sayo da araha ka mayar. In ta karye ka ci riba, in ta ƙara tashi kai ka sani."

Na ce, "Wato abincinsa yana cikin faɗuwar wani. Wannan ai mugun mutum ne."

Ta ce, "Amma Baba, shi ya fito ya faɗa wa duniya."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, ta ci gaba da kallonta. Ni kuwa kallo ya ƙare min. Attajirin nan ko don aljihunsa yake yi, ya dai tsaya a gaban mutane ya ce kada ku shiga. Ni ma na yi caca a kan faɗuwar ƙanena, ribar da nake jira kuwa ita ce ranar da zan ce masa, "Ai na gaya maka." Na ji kunya, na kuma ji gajiya irin wadda ba ta jiki ba. Na ce ranar Asabar zan hau babur zuwa Masanawa, ko gwiwar za ta cire.

Ranar Alhamis da hantsi aka yi sallama. Goggo ce, kwali a ka, ƙwaryar nono a hannu. Muka gaisa, ya gida, ya damina, ya ƙafa, ya Inna. Ina amsawa idona yana kan kwalin.

Na ce, "Goggo, ina karsana?"

Ta ce, "Ai na kai ta kasuwa, Malam, yau sati biyu. An rubuta ni. Mutum ukun ne suka gagara, duk wanda na je wa sai ya ce an riga ni. Na ce bari in zo wurinka, kai da ka daɗe a ciki, ka nuna min yadda kuke samo su."

Na ce, "Ni ba na ciki."

Ta dube ni. "Ba ka ciki?"

"Ban taɓa shiga ba. Ban yarda da abin ba tun farko."

Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. Sannan ta ce, a hankali, ba faɗa, "To Malam, me ya kai ka gaba?"

Na fara maganar Inna da zumunci, na ji ba ta da daɗin ji ko a kunnena, na bari. Na ce ta bar kwalin zan saya. Ta ce ba roƙo ta zo ba. Nonon da ta kawo min ma ta ƙi komawa da shi, ta ce an riga an kawo.

Abin da na iya kawai shi ne na karɓi kwalin na raka ta tasha. Tana gaba ina baya, ina ɗingishi. Mun zo daidai rumfar masu faci sai wani tsohon ɗalibina, magidanci mai 'ya'ya shida, ya miƙe da fara'a.

"A'a! Malam da kansa da kwali! Wallahi dama shakka nake, amma yanzu hankalina ya kwanta."

Na dire kwalin a tsakiyar hanya. Na ɗaga murya yadda ban yi ba tun barina aji, na ce, "Ban shiga ba! Kada ka shiga! Asara ce, ko ƙanena ne ya zo maka kada ka ba shi ko kwabo!"

Sai rumfar ta fashe da dariya. Ɗalibin nawa ya ce, "Kai Malam! Rowa za ka yi mana? Ku ci ku kaɗai ke nan?"

Na juya in nemi Goggo ta shaide ni. Ta riga ta ɗora kwalinta a ka, ta yi nisa.