Rariyar Yaya Sani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani, amma sai bana na san girman abin da na ɓata masa.

Shi ya rubuta manhajar ƙungiyarmu ta manoma a Kankia. Manomi zai turo saƙon waya da sunan ƙauyensa da irin shukar da yake so a kai masa, manhajar ta tace saƙonnin da wani tsarin bincike da ake kira rejeks. Yaya yana ce masa rariya. Bai taɓa yarda ya rubuta tsarin sau ɗaya ya bar shi ba. Kullum aka kunna manhajar, ita ke saƙa sabuwar rariya daga jerin sunayen ƙauyuka, shi kuwa yana yawo a babur har Kusada yana ƙara sababbin unguwanni a jerin. Nakan tsokane shi cewa wahalar da kai ce. Sai ya ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Da ya rasu aikin ya dawo hannuna, tsoro ya kama ni kada garin neman gira in rasa ido. Sai na kwafe rariyar da manhajar ta saƙa a ranar, na kafe ta wuri guda, na rufe jerin. Komai ya ci gaba da aiki, har ina yaba wa kaina.

Bana wani dattijo, Malam Idi, ya zo ofis. Su gida tara ne suka tashi daga wajen Dudunni suka kafa sabuwar unguwa.

"Ɗana, mi muka yi maku?" ya ce. "Damina ukku muna aiko saƙo, ko ƙwayar wake ba mu gani ba."

Na duba. Saƙonninsu na nan duka a kwandon shara, don rariyata ba ta san sunan unguwarsu ba. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Da Yaya na raye, ba na jin zai yi faɗa. Makullin babur zai miƙo mini.

Na mayar da tsarinsa yadda ya bar shi, kuma yana aiki kamar jiya ya rubuta. Amma manhajar abin da aka kai mata kawai ta sani, shi kuwa mai kai mata yana makabarta. Allah ya jiƙansa. Unguwar Malam Idi ta shiga jerin. Abin da ke hana ni sukuni shi ne waɗanda suka gaji da turo saƙo, ba su kuma zo ofis ba.