Kaji Biyu a Ofishin Kamfani

A shekarar da kamfaninmu na sayen shinkafa ya kori ma'aikata uku saboda cin hanci, aka aiko mana da sabuwar doka daga Kano: kada ma'aikaci ya karɓi kyautar manomi, ko da ɓarin goro ne. In an matsa maka, ka kawo ofis a ɗaura mata takarda, ta jira mai bincike. Wanda ya ɓoye kuwa, a bakin aikinsa.

Wanda ya rubuta dokar nan bai taɓa taka Kura ba. A wajenmu ka tsaya gaisawa a bakin kanal ɗin ban-ruwa, kafin ka juya an ɗaure maka rake a bayan babur. Cikin mako biyu ofishinmu ya koma kasuwa. Tumatir na ruɓewa da takardarsa a wuyan kwando, albasa ta fara tsiro, manaja ya ƙaura da kujerarsa gindin darbejiya.

Ni aikina duba danshi ne: in soki buhu, in zuba a na'ura, in ce a saya ko a mayar. Tsoron kora kuwa ya cika mini ciki, don lokacin matata tana da kwana goma da haihuwa.

Ana gobe za a kawo shinkafar surukina awo, na biya ta gonarsa wajen Bunkure, na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Da zan tafi, ya rataya mini ƙosassun kaji biyu a babur. Ya ce, yana kallon wani wuri, "A tafi da waɗannan."

Na yi ta saƙa da warwara a hanya. Kaji yau, awo gobe? Raina ya ɓaci, na ce ashe har da dattijon nan. Ko gida ban biya ba, na zarce ofis, na ɗaura musu takarda a ƙafa, na rubuta "daga wani manomi". Na fito ina jin kaina kamar waliyyi.

Washegari na'ura ta nuna shinkafarsa da danshi. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, sai an ƙara shanyawa." Ya sa aka baza ta a filin ofis. Garin neman inuwa ya leƙa ciki, sai ga kajinsa a kan teburin manaja, sun riga sun cinye rabin tumatirin da ke jiran bincike.

Manaja bai san alaƙarmu ba. Ya taso da fara'a ya nuna ni. "Alhaji, ka ga irin ma'aikatanmu? Wani ne ya so saye shi da kaji, ya kawo su nan."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Surukina ya daɗe yana duban takardar da ke ƙafar kazar. Sannan ya amsa wa manaja, bai kalle ni ba.

"Ranka ya daɗe, shinkafa na san da saura, hadari ne ya sa muka kwashe da wuri. Ya yi aikinsa. Kajin kuwa, akwai mai jego a gidansa."

Matata 'yar farinsa ce. Ko sunanta ba ya faɗa, balle ya buɗe baki ya ce wa mijinta ga na romonta. Na fi kowa sanin haka, amma tsoro ya rufe mini ido. Kunyar ranar har yau tana cina.

Manaja ya ba shi haƙuri, amma ya ce doka doka ce, abin da aka ɗaura wa takarda sai mai bincike. Mako uku kajin suka yi suna kiwo a kan kyaututtukan da kamfani ya ajiye shaida. Na sayo wasu a kasuwa, matata ta kurɓi romon ta ajiye cokali, ta ce labari ya riga ni zuwa gida.

Aikina ya tsira, har yabona aka yi a taro. Surukina bai taɓa tada maganar ba, kuma bai fasa aike gidana ba, sai dai ta hannun wata maƙwabciyarsa. Har ya rasu bai sake rataya komai a babur ɗina ba.