Kak Rohaya da Tsohuwar Datsun

Shekara ashirin da shida Rohaya ta yi tana jan motar 'yan makaranta a Taiping, kuma duk garin an san ta da abu guda: ba ta gudu. Kowa Kak Rohaya yake ce mata, wato Yaya Rohaya, babba da yaro. Da ta ajiye aiki tana da shekara hamsin da takwas, 'ya'yanta sun ɗauka renon jikoki za ta zauna yi. Ita kuwa hankalinta yana bayan gida, inda wata tsohuwar Datsun ta 1973 take jibge ƙarƙashin rumfar kwano tun rasuwar yayanta Zulkefli. A cikinta ya koya mata tuƙi, ya kuma rasu da burin shiga tseren tsofaffin motoci da ita ko da sau ɗaya.

Ta nufi garejin Sivalingam, bakaniken da ya daɗe yana duba mata motar makaranta.

"Siva, zo ka duba min motar yayana. Tsere zan shiga."

Ya goge hannu da tsumma, ya dube ta sama da ƙasa. "Haba Kak! Ke da mai keke yake wucewa a hanyar kasuwa?"

"Da 'ya'yan mutane nake tafe a lokacin. Yanzu ni kaɗai ce."

Ranar da aka janyo motar, Siva ya danna ƙasanta da yatsa, yatsan ya zurma. Tsatsa ta gama da ita. Wata goma sha huɗu suka yi suna fama. Shi yana walda, ita tana kankare tsatsa har tafin hannunta ya yi kanta. Suka fitar da kujerun baya, suka haɗa kejin ƙarfe a ciki don ko mota ta kife, suka ɗaura tukunyar kashe gobara kusa da giya. Ranar da injin ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe garejin, Rohaya ta zauna kan tsohuwar taya tana share ido, wai hayaƙin ne.

Likita ya gwada idonta da zuciyarta, kulob ɗin masu tseren tsofaffin motoci ya ba ta lasisi da lamba 58.

Tserenta na farko bai yi daɗi ba. Motoci goma sha huɗu, zagaye goma, ita ce ta ƙarshe, na gaba ma sau biyu suka zagayo suka wuce ta. Tana cire hular kwano sai ga Foo Kah Seng, wani tsohon maƙerin zinariya da ya shekara talatin a kulob ɗin.

"Kak, a kwana ta uku na zaci tsayawa za ki yi ki sauke yara!"

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Amma a hanyar komawa gida, da suka kusa Taiping, ta dubi Siva.

"Ba laifin motar ba ne, Siva. Ƙafata ce, da kanta take neman birki."

"To sai mu koya wa ƙafar," in ji shi.

Duk ranar gwaji ta wata-wata suna filin tsere. Siva zai nuna mata wani allo a bakin titi, ya ce kada ta taɓa birki sai ta wuce shi, sannan ya hau katanga da agogo a hannu. Sau da yawa ta taka birki kafin allon, ta sake zagayowa. A hankali lokacinta ya riƙa raguwa.

A tserenta na huɗu, ana gab da tashi sama ta ɓalle da ruwa. Matasan direbobi suka shiga zagin hadari. Rohaya kuwa 'yar Taiping ce, garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, rabin rayuwarta cikin ruwa ta yi tuƙi. Ta san yadda sitiyari yake yin sakayau kafin taya ta zame, ta san inda ruwa yake kwanciya. Ba ta ƙara gudu ba, sauran ne suka rage. Ta wuce ɗaya, ta wuce biyu. A zagaye na bakwai ta hango jar motar Foo ta juya a wata kwana ta faɗa ciyawa. Ta sassauta har sai da ta ga ya ɗago hannu alamar lafiya, sannan ta taka. Ta shida ta zo.

Siva ya taho da gudu ba lema, yana ihu kamar kofi suka ci. Can sai ga Foo, jiƙe sharkaf, da shayi kofi biyu.

"Karɓi, Kak. Yanzu faɗa min gaskiya, ta ina kika bi a kwanar nan?"

"Ta waje. Ciki duk santsi ne. Kai da ka shekara talatin a nan?"

"Shekara talatin ina bin ciki," ya ce, yana girgiza kai.

Yau shekarunta sittin da biyu. Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, amma mata biyu sun shiga kulob ɗin ta dalilinta, ɗaya ma malamar asibiti ce. A bana ita da Foo sun ba da sunansu a tseren awa biyu, wanda direbobi biyu suke karɓa-karɓa a mota ɗaya. Sun shirya a kan komai ban da wanda zai fara tuƙi. Siva ya ce shi ba ruwansa, su dai dawo masa da motar da ƙofofinta huɗu.