Baba Ba Ya Tsaga Itacen Gida Sai An Tambayi Mata

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Lawal mai injin katako na Kankia. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. A shekarun baya idan lokacin ya zagayo, tuwo muke yi a kai masallacin unguwa, Inna ta wuni ba ta cika magana ba, shi ke nan. Bana ne kawai na ji ina so in rubuta. Watan jiya saura ƙiris mu rasa yayana Sagir a bakin injin da Baba ya bar mana, kuma a kan idona abin ya faru.

Wanda bai taɓa ganin irin injin ba, ba wani babban abu ba ne. A kan tayoyi yake, ana ɗaura shi a bayan mota a ja shi har inda aka kayar da itace. Zartonsa ba irin na kafinta ba ne, doguwar ɗamara ce ta ƙarfe mai haƙora, an haɗe bakinta biyu da walda, tana zagaya wasu manyan faifai biyu da gudu. A kwantar da gungume, a tura zarton a hankali, katako ya fito sumul. Da shi Baba ya zagaye ƙauyukan Kankia da Kusada, yana tsaga wa mutane darbejiya da turare da mangwaro, wani lokaci maɗaci idan an yi sa'a. Ƙyauren ɗakuna da bencinan makarantun Islamiyya da yawa a wajen nan daga hannunsa suka fito.

Abin da na fi tunawa shi ne zaurenmu. Zartuna ne rataye a bango, an naɗe kowanne zobe-zobe, kuma Baba ya san su ɗaya bayan ɗaya. Mai manyan haƙora masu tazara na ɗanyen itace ne, don ya riƙa kwashe dusa da sauri. Mai ƙananan haƙora na busasshen itace ne mai tauri. Idan zai sayo sabo a Kano, sai ya ɗaga shi sama ya duba wurin waldar, ya lanƙwasa, ya bi da farcensa, har mai shago ya gaji ya koma ya zauna. A wurin aiki kuma ba ya jiran zarto ya dakushe. Dusar yake dubawa. Muddin tana fita tsaki-tsaki, aiki na tafiya. Da ta koma laushi kamar garin tuwo, ga zafi a hannu, sai ya kashe inji ya canza, ko da saura katako ɗaya a gama.

Ranar Juma'a da hantsi yake wasa su. Ya ɗaure zarto a jikin wani katako, ya sa wa haƙori ɗaya alli don ya gane inda ya faro, ya ɗauki magagari. Ba ya cin ƙarfen da yawa, shafa kawai. Amma yana daɗewa a gindin haƙoran, ɗan kwarin da ke tsakanin wannan da wancan, domin ya ce daga nan tsaguwa take farawa, siririya kamar gashi. Bayan nan ya gyara karkatarsu, ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya ya bar shi a miƙe. Ni ina gefe ina tilawar haddata, sautin magagarin yana bin karatun. Idan na yi kuskure ba ya ɗago kai, sai dai in ji magagarin ya tsaya.

Ranar da ya ga tsaguwa a jikin zarto, ranar zarton ya gama aiki. Ba ya ajiye shi, nan take zai sassare shi gutsi-gutsi. Maƙeri ya yi wuƙaƙe da wasu, matan Fulani masu kawo mana nono su karɓi wasu su riƙa kankare ƙwarya. Inna ta taɓa ce masa ai ɓarna ce, a kai a yi masa walda mana. Ya ce, "In na bar shi da rai, wata rana zan matsu in ɗauka." Lokacin dariya muka yi.

Amma babbar ɗabi'arsa, wadda mutane suka fi tsokanarsa a kai, ita ce ta itacen cikin gida. Itacen daji ko na gona ba ya ɓata masa lokaci. Wanda ya tashi a tsakar gida kuwa, ba ya ɗora masa zarto sai an tambayi matan gidan abin da aka taɓa kafawa a jikinsa. Mai gida zai ce babu komai, kuma ba ƙarya yake yi ba, bai sani ba ne. Shi da safe yake fita. Mata ne ke wuni a gindin itacen. Su suka kafa ƙusa don rataye faifai da ludayi, su suka ɗaura waya don shanya, su suka san inda aka buga ƙarfe aka ɗaure ragon layya shekara da shekaru. Itace kuma yana haɗiye ƙarfe, ɓawo ya rufe, ba alama. Da yake Baba dattijo ne, kowa ya san shi, yakan tsaya a soro a kira masa tsohuwar gidan, su gaisa, su yi ta hira. Inda ba tsohuwa, ranar da ba makaranta ni yake tafiya da ni in shiga in tambayo. Na ɗauki abin yawo ne da cin ƙosai a gidajen mutane. Idan aka nuna wuri, sai ya sa gatari ya tono ƙarfen, ko ya yanke wannan gaɓar gaba ɗaya ya yar. Sannan ba ya sa sabon zarto, sai wanda ya ɗan sha aiki amma lafiyayye, ya tura shi sannu.

Hawan jini ne ya kwantar da shi, bai daɗe ba ya cika. Ina aji uku na sakandare. Yaya Sagir ya karɓi injin yana da ƙuruciya, kuma ba zan zalunce shi ba, ya riƙe mu. Da injin nan na gama makaranta, da shi ake ciyar da Inna da ƙannenmu. Sai dai zamani ya matse. Zarto ya yi tsada, manyan itatuwa sun yi ƙaranci a daji, wasu hanyoyin ma yanzu mutum ba ya son bi. Aikin duk ya dawo kan itatuwan cikin gida. Magagarin Baba yana nan a zaure ya yi tsatsa, domin akwai mai injin wasawa a bakin titi da ke gama zarto kafin ka sha shayi, ya miƙo maka shi haƙoran sun yi shuɗi don zafi. Zarton da ya tsage a kai walda a dawo da shi. Murfin da ke rufe zarton ma notinsa ya ɓata, aka jingine shi a bayan ɗaki. Tambayar mata kuwa, ta tafi tare da Baba. Yaya saurayi ne, ba ya shiga gidan mutane, ba kuma tsohuwar da za a taso masa zuwa soro. Mai gida yake tambaya, mai gida ya ce babu komai.

Ranar da abin ya faru, a wani ƙauye ne da ake kira Boko. Na bi motar Yaya da yaran aikinsa don in gaida gwaggonmu da ke aure a can, da azahar na kawo musu fura wurin aikin. Wata tsohuwar darbejiya ce aka fito da ita daga wani gida. Ina tsaye da kwanon a hannu, Yaya yana tura zarto yana yi mini alama in ajiye a inuwa, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. A irin wannan lokaci da muke ciki, ba wanda ya tsaya dubawa. Mutane suka watse, wata mata ta suri yaronta ta faɗa gida. Ni ina nan inda nake da kwanon. Na ga Yaya a durƙushe, hannunsa a kafaɗa, jini yana fita ta tsakanin yatsunsa, zarton kuma ya tsinke yana ta wutsil-wutsil a ƙasa kamar abu mai rai. Daga kafaɗa ya yanke shi ya nufi wuya. Ma'aikacin da ya yi masa ɗinki a asibitin Kusada ya nuna mini da yatsa biyu abin da ya rage ya kai ga jijiyar wuya.

Da aka faskara gungumen daga baya, wani guntun rodi aka samu a ciki, kaurinsa ya kai babban yatsa. Tsohuwar gidan ta fito har waje tana kuka. Ta ce ita ta sa aka buga shi tun tana amarya, a nan take ɗaure akuyarta. "Da an tambaye ni, ɗiyata," in ji ta. "Ina zaune a ɗaki tun safe, ba wanda ya ce mini komi."

Tun daga ranar ban dawo daidai ba. Murfin tukunya ya faɗi sai in zabura. Babur ya yi tari a titi sai in toshe kunne. Idan na rufe ido zarton nan nake gani yana birgima. Kuma a cikin wannan hali ne kewar Baba ta taso mini sabuwa, kamar jiya aka fita da shi. Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya leƙo zaurensa yau. Ban jin zai yi faɗa, ba mai faɗa ba ne. Ina jin zartunan zai sauko da su ɗaya-ɗaya, ya ɗaga su wajen haske, ya aika a kawo masa guduma ya sassare su. Wataƙila kuma zai tausaya wa Yaya fiye da yadda ni na iya, domin shi ya san nauyin gida, kuma bai yi aiki a lokacin da kowane itace sai an shiga gidan wani kafin a same shi ba.

Da ɗinkin ya kama, Yaya ya ce zai koma aiki. Akwai mangwaro a wani gida a Kusada, an daɗe ana jiransa. Na roƙe shi ya sayar da injin. Na yi kuka, na haɗa shi da Inna.

"To Hajiya matsoraciya, in na saida mu ci mi?" ya ce. "Ko ke za ki riƙe gidan da satifiket ɗinki?"

Na ce to aƙalla ya sassare masu waldar nan. Ya sassare biyu, ya ɓoye ɗaya, na gano shi a ƙarƙashin buhunan dusa na kai wa maƙeri da kaina. Murfin kuma na tsaya a kansa har ya ɗaure shi da waya. Da safen da za su tafi, ya fito ya tarar da ni a gaban mota da hijabina.

"Ina zuwa kuma?"

"Cikin gidan zan shiga."

Ya dube ni, ya shiga ya tayar da mota.

Matan gidan sun karɓe ni da mamaki, har ɗaya ta tambaya ko ni ce mai injin. Da na faɗi ɗiyar wanda nake, wata dattijuwa da ke tsinke zogale ta ajiye tire ta ce, "Mai tambayar nan? Allah sarki. Ashe ya bar baya." Ta kama hannuna muka fita wurin gungumen mangwaron da aka riga aka kayar, ta zagaya shi tana neman ɓangaren da yake kallon madafa a da. Ta dafa wani wuri da ba shi da ko tabo, ta ce a nan surukarta take rataye fitila. Yaya ya ɗan yi murmushi, amma ya ɗauko gatari. Yana cikin sara muka ji ƙarfe ya amsa. Ƙusa ce doguwa, baƙa ƙirin. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya je ya sauke zarton da ya ɗaura ya canza wani.

Baba bai bar mana gona ba, bai bar gida na biyu ba. Injin ma ya tsufa, wata rana zai tsaya. Waɗanda suka yi masa wanka sun faɗa wa Inna cewa ba su taɓa wanke mai aikin zarto da yatsunsa goma cif ba sai shi, kuma na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin sa'a. Yanzu na san zaman soro ne, da haƙurin sauraron tsofaffi suna ba da labarin akuya da fitila. Wannan ne gadon, kuma an raba mana shi ba mu sani ba: Yaya ya ɗauki injin, ni aka bar mini ƙofar da shi ba zai iya shiga ba.

Ranar a Kusada ban iya tsayawa kallon aikin ba. Da suka tayar da injin na koma cikin gida, na zauna bayan katanga kusa da dattijuwar, na toshe kunnuwana ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ita kuma ta ci gaba da tsinkar zogalenta, ta ɗora ƙafarta ɗaya a kan tawa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Can injin ya yi shiru, irin shirun da mutum ne ya kashe shi da hannunsa. Sai na ji muryar Yaya daga waje yana cewa a gaya wa Hajiya matsoraciya ta miƙo ruwa, kuma jibi akwai wani gida a Kankia, ta shirya da wuri.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Jibin zan je.