Zaren gilashi a bangon ɗakinmu

Gidanmu a Madarumfa yana kusa da tabki, ƙasar wurin kuwa laka ce: ta kumbura da damina, ta tsuke da rani. A haka bangon ɗakin kwananmu ya tsage daga taga zuwa ƙasa. Magini ya ce a rushe. Matata ta ce a ɗakin ta haifi 'ya'yanta duka, ba inda za ta.

'Yarmu ta fari injiniya ce a ƙasar waje. Aikinta manna zaren gilashi mai kaurin gashi a jikin gadoji. Haske ke bi ta cikin zaren, in siminti ya fara tsagewa sai hasken ya canza, na'ura ta sanar tun ido bai gani ba. Da ta zo hutu ta taho da guntun zaren. Ta manna shi da gam ya gitta tsagar, bakinsa guda a cikin ɗaki, ɗayan ya bi ta taga ya fita waje ta baya. Na'urar ta fi ƙarfinmu, sai ta bar mana 'yar tocila mai jan haske.

"Baba, in tsagar ta ƙara buɗewa zaren zai katse, haske ba zai fito ba. Ranar ku fita daga ɗakin. Ku yi mini alkawari."

Muka yi.

Aikin na mutum biyu ne. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, matata za ta riƙe tocilar daidai bakin zaren, ni in zagaya baya, in kare rana da tafin hannu, in duba.

"Malam, ka gani?"

"Na gani."

"To shigo, kokonka na hucewa. Bangon nan ba inda za shi, sai ya binne mu duka."

Ta rasu da rani, bango na tsaye.

Da ruwan fari ya sauka na ɗauki tocilar, sai a lokacin na lura ba mai riƙe mini. Maƙwabta suna gona. Na jawo kujerarta ta tsuguno, na ɗora tubali, na tokare tocilar da tsumma, na zagaya. Jan ɗigon yana nan. Na ce na gani, da ƙarfi, kamar yadda na saba.

Haka na yi ta yi har gero ya fitar da kai. Wata safiya na duba, babu komai. Na koma ciki ina fatan tocilar ce ta zame. Tana nan yadda na aje ta. Na gyara duk da haka, na sake zagayawa, na daɗe a tsugune.

Daga nan na shiga na naɗe tabarma, na kwashe kwanukanta zuwa zaure. Kujerar ce na fitar a ƙarshe, sannan na tafi neman magini.