Shekarun da Na Yi Ina Bin Sawun Luba

Ranar wata Talata ce, saura kwana tara ƙaramar salla, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Kakarmu ta ɗauke mu, ni da ƙanwata Luba, daga Morai zuwa kasuwar Talata Mafara don a yanko mana atamfa. Rana ta take, kowa leɓensa ya bushe da azumi. Luba tana da shekara huɗu, ina riƙe da hannunta, tafin duk ya jiƙe da gumi. Mun ratso layin masu niƙa ke nan sai wani ya tayar da injinsa daf da mu. Luba ta fizge hannunta, ta toshe kunnuwa, ta zube ƙasa cikin dusa tana wata irin kururuwa, tana buga ƙeya da ƙasa. Kafin Kaka ta sauke kwandonta mutane sun zagaye mu. Wata tsohuwa ta ce, "Iska ce, ku lulluɓe ta da zane." Wani mai tebur ya ce, "Shagwaɓa dai ce, a tsula mata bulala." Wani kuma ya sheƙa mata ruwan buta, kukan ya ƙaru. Da ƙyar Kaka ta goya ta, muka koma gida ba atamfa. Abin da na kasa mantawa shi ne abin da ni na yi: na ja da baya a hankali, na shige cikin 'yan kallo, kamar ban taɓa ganin yarinyar ba.

A gida mun daɗe da sanin Luba daban take, suna ne kawai ba mu da shi na abin. Sai ka kira ta sau goma ba ta waiwayo ba, amma ita ce ke fara jin ƙarar babur ɗin Baba tun yana bayan gari, ta je zaure ta tsaya. Ba ta kallon mutum a ido. Ba ta cewa Inna, ba ta cewa Baba, amma takan maimaita sanarwar da ta ji a rediyo daga farko har ƙarshe, da muryar mai sanarwar. Tuwo take ci gaya, in miya ta taɓa gefensa ta bar shi ke nan. Fura kuwa sai a wani ɗan ƙoƙo mai tsaga a baki. Da kaka, in an gama casar masara, sai ta tattara totuwa ta jera su daga bakin rumbu har gindin turmi, manya gaba, ƙanana baya, in kaza ta ture ɗaya ta sake daga farko. In ta ji daɗi takan yi ta kaɗa hannuwa tana zagaya tsakar gida a kan yatsun ƙafa. Ba ta zama. Daga asuba har ta faɗi barci tana cikin motsi, mu ma muna ciki.

Bayan abin da ya faru a kasuwa sai magana ta cika gari. Wasu suka ce Inna ta zubar da ruwan zafi da magariba tana da cikinta. Wasu suka ce hannu aka sa wa gidanmu don shinkafar Baba tana yin kyau. Baba mutum ne da ba ya iya zama ya zuba wa abu ido. Duk inda aka ce akwai mai magani, sai ya ɗora Luba a gaban babur, Kaka a baya, su kama hanya. Sun je Faru ta ƙasar Maradun, suka dawo da ƙullin turare da aka ce a riƙa yi mata hayaƙi a rufe ta da bargo. Sun je wani ƙauye bayan Bakura, suka dawo da jiƙo mai ɗaci da sai mutum uku sun danne ta ake ɗura mata. Sun je asibiti aka duba kunnuwanta, aka ce lafiyarsu lau. Kowace tafiya Luba sai ta dawo ta fi da firgita, ta kwana biyu ba ta ci ba, ta cije hannunta har ya yi shaida. Baba kuma bayan mako guda sai ya ji labarin wani mai maganin, ya sake duba man babur.

Inna ba ta fita, kamar sauran matan unguwarmu, don haka ni aka ɗora wa tsaron Luba. Da na dawo daga makaranta, tun ban cire hijabi ba, zan ji, "Shafa, ina ƙanwarki?" Ina share tsakar gida ido ɗaya yana kan ƙofa. Ina wanke-wanke ina lissafin taku nawa ne tsakanina da zaure. Luba ta iya zare sakata, kuma in ta fita ba ta tafiya, gudu take. Na kamo ta a bakin rijiya, na kamo ta a tsakiyar garken shanu, na kamo ta a gaban mota mai lodin albasa. Ƙawayena suna carabke a gindin darbejiya, suna gaɗa a dandali, ni ina tsaye da hannun Luba a nawa tana ja ina ja. In na kai ta wurinsu sai ta kwashe duwatsun carabken ta jera, su kuma su watse suna cewa kada ta shafa musu. A makaranta har suna aka sa mini, wai yayar mai iska. Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na tsunkule ta inda Inna ba za ta gani ba, akwai kuma ranakun da na yi fatan a ce ni kaɗai aka haifa.

Shekara guda bayan haka, da rani, lokacin da aka sako ruwa a kanal ana dashen shinkafa, aka yi biki a maƙwabta. Bayan la'asar na ji kiɗan ƙwarya. Luba tana bayan ɗaki tana jera marafan kwalba, hankalinta duk yana can. Na ce bari in leƙa in dawo. Na san ban daɗe ba, ko kuwa haka nake gaya wa kaina har yau. Da na dawo marafan suna nan a jere, sakata a zare.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na duba rijiya, na duba masallaci, na duba bakin hanya. Aka aika gona aka kira Baba. Inna, wadda ban taɓa ganin ta a waje da rana ba, ta fito ba takalmi, tana kiran sunan da ta san ba za a amsa ba. Maza suka rarrabu. Ni ban san abin da ya ja ni ba, na tuna yadda Luba ke tsayawa a bakin randa tana kallon ruwa in an tsiyaya, sai na yanki gonaki da gudu na nufi kanal. Ƙaya ta shige mini ƙafa ban tsaya ba. Ruwan a cike yake, yana tafiya da ƙarfi, zurfinsa zai shanye babban mutum.

Daga nesa na hango jan ɗankwalinta. Tana zaune a bakin siminti, ƙafafunta cikin ruwa. Kusa da ita, kamar taku biyu, wata Bafulatana ce zaune da ƙorenta na nono, Dije, wadda ke kawo mana talla daga ruga. Na buɗe baki zan ƙwala kira, Dije ta ɗaga mini hannu ba ta ko juyo ba.

"Kada ki yi ihu, ɗiyata," ta ce a hankali. "In ta firgita ciki za ta faɗa. Zo ki zauna ta wancan gefen."

Na zauna. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba: Luba a zaune, shiru, kafaɗunta a sake. Tana tsinkar ciyawa tana sakawa a ruwa, tana bin ta da ido har ta ɓace, ta sake tsinkar wata. Dije ma haka take yi, ɗaya bayan ɗaya.

"Tun ɗazu nike nan," in ji ta. "Ban taɓa ta ba. Ina da ƙane irinta. Ba su son a zo musu ba zato, ba su son hayaniya. Ki hwaɗa mata abin da za a yi tun ba a yi ba, da magana kaɗan, sannan ki jira."

Ta juya ta ce, "Luba, ciyawa ukku, sai gida." Ta miƙa mata guda uku. Luba ta saka ta farko, ta biyu, ta uku. Muka jira, har na fid da rai. Sai ta janye ƙafafunta daga ruwa ta miƙe da kanta.

Na ɗauka dawowarta za ta kawo sauƙi, sai ta kawo igiya. Kaka ta ce an gaji, gara a ɗaure ta a ga tana raye. Baba ya kafa turke a inuwar rumbu, ya naɗe igiyar da tsumma don kada ta ci mata ƙafa, ya ɗaura. Kwana biyu Luba tana ja tana kuka har muryarta ta dushe. Ni ko bulalar da aka yi mini saboda fitarta ba ta dame ni kamar wannan kukan ba, don na san ni na jawo. A rana ta uku da hantsi na durƙusa gaban Inna na faɗa mata duk abin da na gani a kanal da abin da Dije ta ce. Inna ta saurara har na gama. Ta tashi, ta ɗauki wuƙar yankan kuɓewa, ta yanke igiyar.

Da Baba ya dawo daga gona ta tare shi tun bai aje fartanya ba. "Malam, ɗiyar ga ba akuya ba ce," ta ce. "In ruwa taka so, a kai ta ta gani. Kuma hayaƙin ga ya isa haka nan." Ban taɓa jin Inna ta yi wa Baba magana a tsaye ba sai ranar. Ya kalli guntun igiyar, sannan ya ce a gwada, amma shi zai raka mu.

Haka muka fara. Kullum bayan sallar la'asar sai in ce, "Luba, takalmi, ruwa." Mu tafi mu uku, Baba yana bin mu a baya. Ba a rana ɗaya abin ya zauna ba. Ta sake zare sakata sau biyu, ranar da aka rufe ruwan kanal kuma ta yi birgima a kan hanya har mutane suka taru. Amma sannu a hankali gudun ya ragu, tunda ta san za a kai ta. Muka koyi faɗa mata kafin a yi baƙi, kafin a daka, kafin a yi mata kitso. Inna ta ɗinka mata wata hula mai kauri da ke rufe kunne. Tana da shekara bakwai, wata rana na makara wurin haddar allo, sai na ji an ja gefen zanena. Ba ta kalle ni ba, bango take kallo, ta ce, "Shafa, takalmi." Wannan ce maganarta ta farko da ba aro ta yi daga rediyo ba. Inna ta saki muciya cikin tukunya.

Sai da na je kwalejin horon malamai na ji sunan abin. Likitoci suna ce masa otizim, a rediyo kuma na ji ana cewa galahanga. Malamarmu ta ce haka ake haihuwar yaro da shi, ƙwaƙwalwarsa tana karɓar sauti da haske da taɓi ta wata hanya daban. Ba laifin uwa ba ne, ba a ɗaukarsa, kuma ba iri ɗaya ba ne: wani ba ya magana sam, wani yana magana har ya yi karatu mai zurfi, sai dai zama da mutane ya yi masa wuya. Ta ce in an gane da wuri an nemi masana, yaro yana koyon abubuwa da yawa. Ina zaune a ajin ina rubutu, hawaye yana ɗiga a kan takarda. A lokacin Baba ya shekara biyu da rasuwa. Har ciwonsa na ƙarshe, in ya ji an ambaci wani mai magani sai ya tambayi a wane gari yake.

Luba yanzu ta haura talatin. Tana Morai tare da Inna, ita ke kula da tumakin gidan, ta san wadda za ta yi ciwo tun kafin ta daina cin dusa. Maganarta ba ta da yawa, kuma har yanzu akwai ranaku masu wuya. Ni ina koyarwa a Mafara. A da ba wanda za ka tambaya, yau ga waya a hannun kowa, ga shirye-shiryen lafiya a rediyo, amma har yanzu akwai yaran da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki in an yi baƙi. A zangon da ya wuce wani magidanci ya kawo mini ɗansa, yaron yana ta zagaya ofis yana shafa bango. Mutumin ya ƙi zama, yana ta murza hularsa a hannu. Ya lissafa mini garuruwan da ya je neman magani, sannan ya ce, "Malama, don Allah ki hwaɗa min gaskiya, mi na yi ba daidai ba?"

Na ce masa bai yi komai ba, ba kuma wanda ya yi wa ɗansa komai. Na ce za mu nemi likita ya duba shi, za mu kuma koyi yadda yaron yake tare, a hankali. Sai ya ja kujera ya zauna, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Da Baba ya samu wanda ya faɗa masa haka, da ya huta.