Tagar Gwaggo Leuntje

Gwaggo Leuntje ƙanwar mahaifina ce. A lungun masunta da ke bayan madatsar teku aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta zauna tana ɗinkin ragar kamun kifi har yatsunta suka kanannaɗe. Mijinta Arie ruwa ya ci shi tun tana da ƙuruciya, ko takalminsa ba a gani ba. Ba ta sake aure ba, ba ta kuma ajiye farar hula da baƙar riga irin ta matan dā ba.

Mu a lungunmu ba a sakin labule da rana. Mai wucewa ya ga ɗakinka fes, ya san ba ka ɓoye komai. In ka ga labule a sake rana tsaka, to akwai gawa a gidan.

Sai aka wayi gari an sa lungun cikin wuraren tarihi na Holan, tare da hasumiyar fitilar jiragen ruwa da tsohuwar majami'a. Wai abin alfahari! Baƙi su gama hawan hasumiya, su haɗiyi ɗanyen kifi da albasa, sannan su zo su manna hanci a gilashin tagar Gwaggo. Tana cin dankali ana ɗaukarta hoto. Wani ƙato har ƙwanƙwasawa ya yi, wai ta ɗago kai.

Na ce, "Gwaggo, ki saki labulen nan mana!"

"Ke Krina, wa ya mutu? Ko ke za ki kwanta mu yi makoki?"

"To cire hular, su daina ɗaukarki 'yar tsana."

"In yi yawo kai ba rufi kamar ke? Allah ya sawwaƙe."

Ta daure, ta daure. Ran da wata mata ta turo ƙofa tana tambayar inda ake yankar tikiti, Gwaggo ta fatattake ta, ta ja labule.

Kafin ruwan shayi ya tafasa sai ga maƙwabciyarta Tannetje, tana dogara sanda, cikin kayan makoki, tana sharɓar kuka. Ta ga Gwaggo a tsaye, ta dafe ƙirji.

"Leuntje! Ba ki mutu ba?"

"Ban samu sarari ba tukuna."

"To wane irin wulaƙanci ne wannan? Na riga na aika wa fasto!"

Lungu ya sha dariya. Gwaggo kuwa kunya ta hana ta zuwa majami'a. Ta buɗe labulen, ta koma cin abinci a tsaye a ɗan ɗakin girki na baya, inda rana ba ta leƙawa. Tsohuwa da gidanta, ta rasa wurin zama!

Da sanyi ya shigo, da bakinta ta ce in nema mata ɗaki a gidan tsofaffi. Aka ba ta a can saman bene, ƙasa babu komai sai motoci a jere. Gidanta kuwa wani ɗan birni ya saya, yana ba baƙi haya.

Ran Lahadi na kai mata kyafaffen kifi. Ta shinshina, ta ture, ta tambaye ni ko yau teku ta yi fushi, don daga nan ba a jin ta.